Zuwa ga Habibu: wa zai riƙe garkuwa, wa zai yi magani?

Maraɗi, unguwar Zariya

Aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya karatu, ya sanyin Maroko, ya kewar gida? Ƴan fada duk suna gaishe ka. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi, sai zafi da ya fara kankama.

Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin shawarar da ka kawo ta mu shida mu tsaya a wasan intanet ɗaya mu kafa ƙungiya, kai daga can, mu biyar daga nan. Tambayarka ita ce wane iri za mu zaɓa: wasan da ajin jaruminka, wato nau'insa, ke ɗaure ka a aiki ɗaya tun ranar da ka ƙirƙire shi, ko wanda kowa ke iya zama abin da ya ga dama. Ra'ayina shi ne mu nemi wasan da jarumi ke iya sauya aiki a gari, amma da zarar an shiga faɗa kowa ya tsaya a aiki guda, kada ya motsa daga kansa. Bari in shimfiɗa maka dalilan, don ina so ka yarda da hujja, ba don zumunci ba.

Rabon aikin nan na tanki (mai riƙe garkuwa da ke tare dukan dodo) da mai magani da masu duka daga cikin kan dodo yake fitowa. A World of Warcraft na farko, wanda Blizzard ta fitar a 2004, kowane dodo yana riƙe da jerin waɗanda suka ɓata masa rai, kowa da makinsa na fushi. Dukan da ya cire masa jini 100 yana ƙara maka maki 100. Warkarwa tana jawo rabin abin da ka warkar, a raba shi tsakanin duk dodannin da ke cikin faɗan. Warrior, ajin mayaƙi, da ke cikin tsayuwar kariya ta Defensive Stance ana ninka makinsa da 1.3. Dodo kuma ba ya sakin wanda yake bi sai wani na kusa da shi ya kai kashi 110 cikin ɗari na makin wancan, ko na nesa ya kai kashi 130. Ke nan in tanki yana da maki 1000, mai wuƙa yana da sarari har 1100, mai jifan wuta daga nesa har 1300. Shi ya sa tsoffin ƴan wasa ke cewa a dakata tanki ya dasa Sunder Armor, mai ƙara masa makin fushi, kafin kowa ya ɗaga hannu, dabarar da ake jibgawa har sau biyar.

Dubi yadda mai magani ke mutuwa ba tare da ya yi laifin komai ba. An jawo dodanni uku, tanki ya bugi ɗaya kawai. Jininsa ya sauka, mai magani ya mayar masa da 600. Rabin wannan 300 ne, a raba uku, kowane dodo ya rubuta wa mai magani 100. Biyun da tanki bai taɓa ba ba su da makinsa ko ɗaya, sai su bar shi su nufi mai magani da gudu. Shi kuwa rigar yadi ce a jikinsa, duka kaɗan ya faɗi, sannan tanki ya biyo baya, sannan kowa. Maganin abin a hannun tanki yake: ya taɓa kowane dodo a daƙiƙun farko, ya ajiye dabarar tsokana, wadda ke tilasta dodo ya juyo kansa, don wanda ya kuɓuce, kada ya ɓarnatar da ita tun a buɗe faɗa. Duk wasan da aka gina dodanninsa a kan irin wannan lissafi, dole a sami wanda zai tsaya a gaba, ko an rubuta masa tanki a goshi ko ba a rubuta ba.

Amfanin ɗaure aji da aiki a bayyane yake. Baƙi biyar da ba su taɓa haɗuwa ba za su shiga kogo, ba wanda ya ce uffan, kowa ya san inda zai tsaya. Masu tsara wasan su ma sun san tabbas akwai mai magani, don haka suna iya ba dodo dukan da ba mai iya kauce masa, su tilasta wa mutane dogara da juna. EverQuest na 1999 ya kai wannan maƙura. Cleric, ajin masu magani, yana da Complete Heal, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 10 kafin ta sauka, sai a jera Cleric da yawa suna farawa bi da bi, tsakaninsu ƴan daƙiƙu, domin warkarwa ta riƙa sauka a kan tanki ba yankewa. In ɗaya ya makara ko rezo ya yanke masa, giɓi ya buɗe, tanki ya faɗi, aikin mutum gommai ya rushe. Ina ganin kyan wannan tsari ƙwarai, domin mutum yana sanin cewa ana bukatarsa, kuma sunansa yana tafiya a saba (server, wato duniyar wasan) a matsayin wanda ake iya dogara da shi.

Tsadarsa kuma ba ƙarama ba ce. Mafi yawan mutane duka suke so su yi. Tanki shi ne jagaban ayari, shi ake sa ran ya san hanya, ya san dodo nawa za a jawo a lokaci guda, kuma in an yi asara shi ake fara kallo, don haka masu son aikin kaɗan ne. Mu ƙaddara mutum 50 ne a layi: tanki 5, masu magani 7, masu duka 38. Kogon World of Warcraft yana cin tanki ɗaya, mai magani ɗaya, masu duka uku. Ƙungiya biyar ce kawai za ta tashi, masu duka 23 su zauna jira. A Final Fantasy XIV, inda ƙaramar ƙungiya mutum huɗu ce da masu duka biyu, 28 ne za su rage. Tanki yana danna layi a kira shi nan take, mai duka ya sha shayi na farko da na biyu bai shiga ba. Blizzard ta kawo na'urar haɗa ƙungiya a ƙarshen 2009, zuwa 2011 sai da ta fara ba da jakar tukuici ga wanda ya shiga layi da aikin da ya yi ƙaranci. Final Fantasy XIV ma tana da irin wannan ƙarin lada, wanda ta kira Adventurer in Need.

Wani misali da ya fi wannan zafi shi ne faɗan Four Horsemen na Naxxramas, a World of Warcraft, a 2006. Harin mutum 40 ne, faɗan kuma yana bukatar tanki kusan takwas masu cikakken kaya, a zamanin da Warrior ne kusan kaɗai ake yarda ya riƙe manyan dodanni. Ƙungiyar da ke da huɗu ba ta da hanyar mayar da Mage ko Rogue tanki. Ko dai wani ya fara sabon jarumi daga mataki na 1 zuwa 60 ya sake tara kaya, aikin watanni, ko a je a zawarci tankin wata ƙungiya. Ƙungiyoyi da dama a nan suka watse. Ko sauya tsarin ƙwarewar jarumi a cikin aji ɗaya kuɗi ne a lokacin: zinari 1 karon farko, sannan 5, sannan 10, yana hawa har 50. Sai a 2009 aka ba da damar riƙe tsari biyu a jarumi ɗaya, a kan zinari 1000. Har yau Mage da Hunter da Rogue da Warlock duka kawai suke yi, alhali Druid da Paladin da Monk suna iya ayyukan uku.

To, ga ɗaya ɓangaren. Ultima Online tun 1997 ba shi da aji, maki 700 ake ba ka ka raba a kan sana'o'in da kake so, a farkonsa kowace ta tsaya a 100. Amma gwajin da ya fi koyar da darasi shi ne Guild Wars 2, da ArenaNet ta fitar a 2012 da niyyar kawar da tanki da mai magani ɗungurungum. Kowane aji yana da dabarar warkar da kansa a gurbi na shida. Kowa yana da kuzari 100, tsallen kaucewa yana cin 50, wato biyu kake da su, kowane yana kare ka na kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa, kuma sai daƙiƙa 10 kafin guda ya dawo. In jininka ya ƙare ba ka mutu ba tukuna, kana ƙasa, kowane abokin tafiya yana iya tashe ka. Layin jiran tanki ya ɓace, wannan gaskiya ne, kuma a fili inda ɗaruruwa ke yi wa dodo taron dangi tsarin yana da daɗi matuƙa.

Abin da ya faru a kogo shi ne abin lura. Tunda ba mai riƙe dodo kuma ba mai warkar da kowa, hanya mafi aminci ita ce a kashe shi kafin ya yi ɓarna. Sai kowa ya koma kayan Berserker, masu ƙara duka zalla, a cunkushe a lungu ɗaya a jawo dodanni a murƙushe su. An ba mutane zaɓi mai yawa, suka taru a kan guda, wanda ya zo da wani kaya a sallame shi. A 2015, da Heart of Thorns ya kawo harin mutum 10, kamfanin da kansa ya ƙirƙiro Druid mai warkarwa, kuma wasu dodannin, kamar Vale Guardian, suka koma bin wanda ya fi kowa makin tauri. Yau in ka duba yadda ake jera mutum goman, gida biyu ne na biyar biyar, domin yawancin tallafi mutum biyar yake kaiwa. A kowane gida akwai mai magani da ke ba da ɗaya daga quickness (saurin aiwatar da dabara) da alacrity (saurin dawowar dabara), da mai duka da ke ba da ɗayan, da masu duka zalla uku. Aikin ya dawo da ƙafarsa, sai dai yanzu kusan kowane aji yana da hanyar ɗaukarsa, kuma ba na'urar da ke tabbatar maka mutum ya zo da abin da ya ce.

Wannan matsala ta ƙarshe ta fi fitowa fili a The Elder Scrolls Online na 2014. Kowane aji yana ɗaukar kowane makami, amma layin kogo yana neman tanki ɗaya, mai magani ɗaya, masu duka biyu. Mai duka da ya gaji da jira sai ya yi rajista a matsayin tanki, ya shigo ba shi da dabarar tsokana ko ɗaya. A kogo mai sauƙi a wuce, a mai wuya dodo ya yi ta zagaye yana kashe mutane ɗaya bayan ɗaya. Gyaran ba wuya: Puncture ta takobi da garkuwa, ko Inner Fire daga nesa, kowace tana riƙe dodo daƙiƙa 15, gurbi ɗaya kawai take ci cikin biyar na sandar dabaru. Duk da haka wasan ba ya hana wanda ba shi da ita shiga, kuma wannan yana ɓata mini rai, domin sababbin ƴan wasa ne ke shan wahalar, su ɗauka laifinsu ne.

Final Fantasy XIV, tun da aka sake gina shi a 2013, ya raba gardamar yadda nake so. Jarumi ɗaya yana iya koyon dukkan ayyuka, sauya makami shi ne sauya aiki, maɓalli ɗaya in ka adana jerin kayanka. Amma kowane aiki a ɗaure yake: shuɗi tanki, kore mai magani, ja mai duka, kuma ba a sauyawa a tsakiyar faɗa. Cikakkiyar ƙungiya takwas ce, tanki biyu, masu magani biyu, masu duka huɗu. Musayar tanki a nan a tsare take. Wanda ke gefe ya kunna tsayuwarsa ta jan fushi, ya danna Provoke ya hau saman jeri, na farko ya danna Shirk ya tura masa kashi 25 cikin ɗari na fushinsa. In na biyu ya manta bai kunna tsayuwar ba, dodo ya koma kan na farko yana ɗauke da raunin da ya sa aka yi musayar, ya mutu a duka na gaba. Kowane aiki da matakinsa dabam, saboda haka sassaucin ba kyauta ba ne, sai ka yi renon aiki na biyu tun kafin ranar bukata.

Yanzu mu dawo kan halinmu, don shi zai yanke hukunci. Abu uku ne. Na farko yawanmu: mu shida ne. World of Warcraft zai bar ɗaya a waje kullum, Final Fantasy XIV ko ya bar biyu ko ya nemi baƙi biyu. Na biyu na'ura: huɗu daga cikinmu waya kawai gare su, waɗannan wasanni biyu kuwa nau'insu da muke iya samu na kwamfuta ne, ko na'urar wasa ga Final Fantasy XIV, kuma saukar da su gigabait gommai ne, forfe ba zai ɗauka ba. Gwajin kyauta na Final Fantasy XIV, da aka faɗaɗa zuwa mataki 70 a 2023, ba ya barin mutum ya kafa ƙungiya da kansa, sai mai biyan kuɗin wata ya gayyace shi. Na uku rezo da wuta, musamman a watannin Afrilu da Mayu.

Wannan na ukun yana taɓa tsarin biyu ta fuska dabam dabam. A wasan aiki ɗaurarre, in mai duka ya yanke, sauran sukan ƙarasa, sai dai in dodon yana da wa'adin da yake haukacewa. In tanki ko mai magani ya yanke, an gama. A wasan da kowa ke kare kansa, yankewar mutum ɗaya ba ta kashe ƙungiya, amma jinkiri yana kashe kowa shi kaɗai: in saƙonka yana ɗaukar milisakan 250 kafin ya je ya dawo, kashi ɗaya cikin uku na kariyar tsallen Guild Wars 2 ke nan, dole ka riƙa tsalle kafin idonka ya ce lokaci ya yi. A tsarin farko muna iya ɗora nauyi a kan mutum biyu masu layi mai ƙarfi, sauran su fake a bayansu. A na biyu ba inda za a fake. Wannan ne ya sa na karkata ga aiki tsayayye a cikin faɗa.

Saboda haka shawarata Albion Online ce. Kamfanin Sandbox Interactive na birnin Berlin ya fitar da shi a 2017, ya zama kyauta a 2019, ya sauka a waya a 2021, mai waya da mai kwamfuta a duniya ɗaya suke. Ba aji ko kaɗan. Makami yana ba ka dabaru uku, hula ɗaya, riga ɗaya, takalmi ɗaya, shida ke nan, ka sauya kaya ka zama wani mutum. Ƙungiya tana ɗaukar har 20, don haka shida ba matsala. Tunda wasan ba zai ɗaure mu ba, mu za mu ɗaure kanmu, ga kuma yadda nake ganin za a yi.

Kowa ya buɗe jaruminsa a sabar Turai, wadda aka buɗe a 2024. A tabbatar da wannan tun farko, domin kowace saba da duniyarta, wanda ya fara a ta Amurka ba zai gan mu ba. Mu zauna a birni ɗaya, ko Lymhurst ko Fort Sterling ko wanda kuka fi so, domin banki da kasuwa na kowane birni nasa ne, kayan da ka ajiye a Martlock ba za ka gan su a Thetford ba. Kai ne babban tanki, tunda layinka ya fi namu tsayuwa: gulma ko guduma, rigar sulke, kuma ka zaɓi Taunt, dabarar tsokana, a gurbin rigar in za mu shiga kogo. Magani a ba wanda ke da kwamfuta da batirin sola a nan, ya riƙe sandar Holy da rigar yadi, domin zaɓen wanda za a warkar da sauri ya fi sauƙi da linzami a kan taɓa gilashi. Sauran huɗu duka, amma biyu daga cikinsu su yi renon aiki na biyu, ɗaya tanki, ɗaya magani da sandar Nature ko Holy. Dare ɗaya a mako a ba waɗannan biyun ragama a kogo mai sauƙi, manyan su koma duka. In ba a yi haka ba, ranar da aka ɗauke wuta a unguwar mai magani za a tarar da mataimakinsa yana da sanda a banki amma hannunsa bai san ta ba.

Kada kowa ya wuce makami biyu a watannin farko. Ƙwarewa a Albion makami take bi, tana ƙara wa kayan ƙarfi, wanda ya yi ta tsalle daga baka zuwa gatari zuwa sanda zai tsinci kansa ba shi da ƙarfi a ko ɗaya. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama sababbi a wasan da ba aji. Batun kaya kuma, na daraja ta 4 ƙarfinsa 700 ne, kowane ƙarin tsafi yana ƙara 100, don haka 4.1, wato daraja ta 4 mai tsafi ɗaya, daidai yake da daraja ta 5, kuma ba ya bukatar ka buɗe ta biyar kafin ka sa shi. A saya wa tanki da mai magani saiti uku uku a ajiye. A yankin shuɗi da rawaya in an kayar da kai kayanka ba sa zuba, lalacewa kawai suke yi, a ja da baƙi kuwa komai na jikinka ya tafi, kuma wanda rezo ya yanke masa a tsakiyar faɗa jaruminsa ba ya ɓacewa nan take, yana nan tsaye ana dukansa. Mu tsaya a shuɗi da rawaya har sai musayar aiki ta zauna, kuma ranar da rezo ke rawa kada a taka baƙi ko da an ga riba.

Abu na ƙarshe shi ne kuɗi, kuma ina roƙon a yanke shi kafin a fara. Tanki da mai magani ba sa iya farauta su kaɗai da saurin mai duka, ga shi su abokan gaba ke fara nema. In aka bar kowa da aljihunsa, su biyun za su talauce, bayan wata ɗaya su ce su ma duka za su koma. A ware wani kaso na duk azurfar da aka samu tare, ni ina ganin kashi ɗaya cikin biyar ya isa a farko, a zuba a asusun ƙungiya don mayar musu da kayan da suka rasa, sauran a raba daidai.

Ka duba jinkirin layinka zuwa sabar Turai da dare, wajen ƙarfe tara agogon nan, ka turo mini adadin, mu ma kowa zai auna nasa kwana uku a jere kafin a tabbatar da rabon. Ka faɗa mini kuma ko gulma ta kwanta maka ko guduma, don in san abin da zan fara saye a kasuwa.

Ka gaishe da ƴan Nijar da ke tare da kai a can. Inna tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa kira ranar Juma'a. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
Nasiru